Zanen da Herminia Ta Rataye a Silin

Herminia Calcagno mai laɓe ce, kuma ba ta taɓa musantawa ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buɗe wa mutane ƙofa a ofishin Likita Melamed da ke unguwarmu, Villa Crespo, kuma duk tsawon shekarun nan kunnenta na manne da ƙofar ciki. In na ce mata wannan rashin tarbiyya ne, sai ta ce, "Otilia, shi biyansa ake yi ya saurara, ni kyauta nake yi. Wa ya fi wani kirki?" Shaida ɗaya zan yi mata: abin da ya shiga kunnenta ba ya fita ta baki. Na sha bugun cikinta, ko sunan karen wani ban samu ba.

Melamed irin likitocin damuwar nan ne da rabin birnin Buenos Aires ke zuwa wurinsu: ka miƙe a doguwar kujera minti hamsin kana zuba, shi yana zaune bayan kanka yana "uhm". Ni ma na je shekara shida. Ban warke ba, amma na iya ɗora wa uwata laifi.

Da likitan ya rasu, 'yarsa ta bar wa Herminia ɗakin da kayan cikinsa. Wata safiya ta hawo mini bene tana haki.

"Tashi, ƙawata! Gidan nunin zane zan buɗe!"

"Ke? Ke da hoton kalanda ne kaɗai a bangonki?"

"Ina da mai zane. Bai dai sani ba tukuna."

Don Evaristo Lencina take nufi ("Don" laƙabin girmama dattijo ne a wurinmu), tsohon direban bas da ya yi shekara goma sha ɗaya yana kwanciya a kujerar nan. Akwai wani tabon ruwa a silin, daidai saitin ido. Duk ranar da ya koma gida sai ya zana tabon yadda ya gan shi a ranar: yau kogi, gobe doki, jibi bakin mahaifinsa. Ya tara sama da ɗari biyu, ko matarsa ba ta taɓa gani ba. Wannan ne karo ɗaya tak da Herminia ta yi aiki da abin da ta jiyo.

"Wa ya gaya miki?" ya ce, da muka je gidansa.

"Ƙofa."

Sau biyu yana korar mu. A na uku ya yarda, da sharaɗi. "In na ga ba kallon gaske ake musu ba, zan sauke su duka in gasa nama da su ranar Lahadi." Ba wasa yake ba. Na ga wurin gashin a tsakar gidansa.

Herminia ta zaɓi arba'in, ta sa aka liƙa su a silin, ba a bango ba. Mai son kallo sai ya kwanta a doguwar kujerar likita ya dubi sama. Ta kuma sa ranar buɗewa a Fabrairu, watan da likitocin duk ke tafiya hutu bakin teku. Na ce mata gari wayam yake.

"Likitoci ne suka tafi, tsohuwa. Masu zuwa wurinsu suna nan suna cizon farce."

Ta yi gaskiya! Kafin ƙarfe goma layi ya wuce gidan burodi ya sha kwana. Zafi kamar ya kashe mutum, amma ba wanda ya gusa. Ni ina zagayawa da shayin mate, Herminia na ta shige da fice sanye da jan takalmi, Don Evaristo na tsaye a lungu cikin kwat ɗin aurensa, gumi na tsiyaya.

Ta farko ta kwanta, wata malamar makaranta. Tana ɗora kai ta lumshe ido ta ce, "Jiya na yi mafarkin uwata." Ta yi ta zuba. Na biyu lauya ne. Shi ma ido rufe, ya cika minti hamsin cif, ya tashi ya ce, "Mako mai zuwa, wannan lokacin?" Sabo ne kawai. Mutanenmu in bayansu ya taɓa irin kujerar nan, baki yake buɗewa. Mutum huɗu suka wuce, ba wanda ya dubi sama. Don Evaristo ya cire kwat, ya ɗauko tsani ya hau zai sauke zanensa.

"Gawayi ma ya yi tsada," ya ce.

Na waiga neman Herminia. Ashe tana can bayan mai kwanciya, a ƙaramar kujerar likita, ta harɗe ƙafa, fuskarta sai sheƙi. Karon farko a rayuwarta tana saurare ba ƙofa tsakani.

Na ce, "Ke ce matsalar, munafuka. Muddin akwai kunne a bayansu, ba za su yi shiru ba."

Ta dube ni, ta dubi tsanin. Na ga abin ya yi mata ciwo, ban kuwa lallashe ta ba. Ta miƙe ta ce, "Kama can." Muka kinkimi ƙaramar kujerar muka dire ta a bakin titi, mutanen layi na tafi ba su san dalili ba.

"Mutum ɗaya, Don Evaristo," ta ce. "Ƙara mini mutum ɗaya."

Bai sauko ba, amma hannunsa ya tsaya.

Mahaucin kwanar titi ne ya shigo. Ya kwanta, ya yi gyaran murya, ya leƙa baya, ba kowa. Da ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya dubi sama. Idonsa ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani baƙi mai ratsin ja.

"Kai! Wa ya yi wannan? Ran nan ba ka ji daɗi ba, ko baba?"

"Ranar da na bar tuƙi ce," in ji Don Evaristo.

Ya sauko a hankali, ya jingine tsanin, ya mai da kwat ɗinsa. Herminia ta fita da gudu, ta haye kujerar da muka yar, ta ɗaga murya har mai burodi ya leƙo.

"Jama'a, don Allah! Uwayenku su jira Maris, likitocinku na dawowa. Yau minti biyar kawai nake roƙo: ku buɗe ido, ku rufe baki, ku dubi sama!"