Gurbin lokacin isowar mota

Ni na koya wa maƙwabcina sayen masara. A bayan babur ɗina ya fara zuwa kasuwar Sahon Rami. Shi ya sa ranar da na ji manajan kamfanin abincin kajin da muke kai wa kaya yana yabonsa, abincin rana bai shiga ba.

A kakar nan kamfanin ya daina karɓar kira. Manhajar dillali ce za ta aika wa tasu bayanin mota, su ba ta layi a sikeli. Wanda ya makara sau uku, an cire shi.

Wani malamin kwamfuta a nan Kontagora ya haɗa mana manhajar, ni da maƙwabcin nawa. Ya same ni a shago ya ce, "Alhaji, gurbin lokacin isowar mota iri biyu yake karɓa. Ko kwanan wata kawai: shekara, wata, rana. Ko a ƙara awa da minti, da alamar cewa agogon Najeriya ne."

"Shi wanne ya ɗauka?"

"Mai awa."

"To, sa mini ɗayan."

Ya yi dariya. "Alhaji, masara za ka kai ko gaba za ka yi da shi?"

Na ce masa direban da ya taso daga dajin Mashegu ba ya alkawarin minti, iyakarsa ya ce bayan azahar in Allah ya yarda. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ban so a ce na bi sawun maƙwabcina.

Ban tambayi abin da injin kamfanin ke yi da motar da ba ta da awa ba. Ƙarshen layi yake jefa ta. Motocina su isa da hantsi su wuni a rana, nasa su zo daga baya su sauke su wuce. Sau biyu ana rufe sikeli kafin a zo kaina, aka rubuta na makara. Saura ɗaya.

Na kira malamin na ce direbobina dai ba za su koyi minti ba. Sai ya sa musu maɓalli uku: hantsi, azahar, la'asar. Manhajar ta mayar da su awa da minti kafin ta aika.

Ba a cire ni ba. Amma a kwanakin da motocina suka yi suna gasuwa, kamfanin ya ƙara wa maƙwabcina kaso, kuma daga nawa aka yanka. Muna gaisawa a masallaci. Ina amsa masa lafiya lau, idona na kan sabuwar tirelarsa da ke bakin titi.