Kukan Jirgin Kawu

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin azumi, jiragen ruwa suka yi ta sauke mutane a tashar Jidda daga su sai kayan jikinsu, a shekarar ne kawuna ya maƙale a ɗakina a unguwar Hindawiyya. Ya daɗe yana ƙin zuwa, yana cewa tsoho ba ya nisa da inda za a rufe shi. Ni na lallashe shi. Na ce ya zo ya yi umra a duba masa ido, bayan salla ni da kaina zan riƙe hannunsa har ƙofar gida, a ƙauyenmu na gefen Sinnar.

Salla ta zo ta wuce, hanya ta rufe. Takardarsa ta ƙare, ba iƙama, wato izinin zama, fitarsa ta koma daga ɗaki sai masallacin lungu. Idon ma bai warke ba. Bai taɓa tuna mini alkawarin ba, amma jakarsa tana ɗaure a bakin ƙofa, ya hana a kwance.

Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin jirgin ƙasa. Wani ƙaramin jirgi yake tuƙawa mai tarago ɗaya, injinsa a cikinsa, wanda ke kai masu gyaran hanya. Ni kuwa rediyo da waya nake gyarawa a kasuwar Balad. Wani injiniya da zai bar ƙasar ya bar mini kwali, a ciki akwai layin dogo na wasa, da tarago ɗaya tsawon tafin hannu, da akwatin sarrafa shi. Na shimfiɗa layin a kan katako, na ba shi wuta, ya fara zagaye. Kawu ya saurara, ya ce, "Mai rediyo, jirgin naka bebe ne?"

Akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa irin waɗannan, ba ta fi farcen babban yatsa ba. A cikinta ake zuba kukan injin gaske da aka naɗa, amma sai mutum ya zaɓi wanda yake so kafin a aiko. Na riƙa kunna masa samfura a waya bayan la'asar, yana yanke musu hukunci.

"Wannan bai taɓa shaƙar yashi ba."

Na kunna wani.

"Wannan ɗan gata ne, a inuwa ya girma. Namu tari yake yi kafin ya tashi, kamar ladanin da ya kwana a waje."

Babu na Sudan a cikinsu. Wa zai je ya naɗi kukan jirginmu? Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani tsohon injin Ingila, ya ce ko ba komai dangi ne na nesa.

Da na'urar ta iso na buɗe taragon, na cusa ta a mazauninta, na haɗa lasifikar da ba ta kai ƙwallon dabino ba. Kukan farko kamar sauro ya fito. Sai da na yanki murfin kwalbar maganin idonsa na toshe bayan lasifikar da gam, sannan muryar ta ɗan yi kauri. Ya ce har yanzu jirgin ƙarya yake yi, yana motsawa kafin inji ya ɗauki numfashi, na yi ta sauya lambobi har ya koyi jinkiri. A kan maɓallan na liƙa takarda, na rubuta da ajami manya-manya yadda muka koya a allo: inji, ƙaho, birki. Sai ya kai akwatin dab da hancinsa yake iya gani.

Shekarun inji sun cinye masa kunne, don haka a jikin katakon yake ɗora kunnen. Ya daɗe a haka ran nan, sannan ya ɗago ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Ba shi ba ne."

Ba ni da sauran abin da zan ƙara wa jirgin. A kwanakin ne labari ya zo cewa mutanen ƙauyen sun watse, wasu Gadarif, wasu ba a san inda suka nufa ba. Ya daina tambayar ko hanya ta buɗe.

Danshin tekun Jidda ba ya barin ƙarfe. A wata kwana layin ya dushe, duk sanda taragon ya zo wurin sai sautin ya ɗauke, ya wuce shiru da sauran gudunsa, can gaba injin ya sake tari ya tashi. Wata Juma'a bayan mun ci abinci na ɗauko tsumma zan goge, sai Kawu ya kama wuyan hannuna.

"Bar shi."

"Kawu, datti ne. Yanzu zan gyara."

"Na ce bar shi. Kai ba ka tuna ba, kana ƙarami. Kafin a shiga ƙauye hanya tana bin gefen maƙabarta. Duk direban da ya san kansa, nan yake sauke inji, ba ya busa ƙaho, ya yi musu sallama ya wuce. Baƙo ne kaɗai ke wucewa da ihu."

Mahaifinsa yana can, da matarsa, da mahaifiyata. Shi ma ya taɓa nuna mini gurbinsa a gindin wata aduwa. Ba a can aka sa shi ba, a nan Jidda muka rufe shi kafin wani azumin, cikin mutanen da bai sani ba. Allah ya jiƙansa.

Amma a ranar ya laluba ya danna inda na rubuta inji. Taragon ya yi tari, ya tashi, ya zagayo, ya yi shiru a kwanar. Na ga leɓensa yana motsi: aminci ya tabbata a gare ku, in Allah ya so muna tafe.

Na ce, "Kawu, maganar da na yi maka ta komawa..."

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Cewa ka yi za ka kai ni ƙofar gida. Gidan da ya rage mini ke nan, ga shi ka kawo ni. Na sauke maka, duniya da lahira."

Ya saki hannuna, ya nuna jakar da ke bakin ƙofa da haɓa.

"Kwance ta. Ka ba ni rigar sanyina."