Ta'aziyyar da Baba Alassane Ya Kai Irving Park

Kwanana huɗu da zuwa Greensboro ta Amurka daga Kano na fara jin sunansa. Na tarar da Anti Rahina, ƙanwar mahaifiyata, tana tuƙa tuwo a tukunyar da ba a sauko da ita sai ranar suna.

"Anti, biki ake yi?"

"Ta'aziyya. Alassane ne ya tara mu."

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Wani Bajamushe."

"Yaushe?"

Ta share gumi da bakin zani. "Dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in da biyu. Miƙo min kuka."

Baba Alassane mutumin Maraɗi ne. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da hular sanyi ko a watan Yuli. Ya yi dako a sito a titin Wendover har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya koma jinyar tsofaffi a gidajensu. Shekara tara ke nan yana kula da Mista Gregory a unguwar Irving Park: wanka, magani, kai shi asibiti, da sauraron surutu. Da wannan aikin yake riƙe iyalinsa. 'Yar tsohon, Dalila, ta kafa masa doka ɗaya tun ranar farko: baƙo ko ɗaya ya taka gidan, aikin ya ƙare.

A kan kantar falo akwai wani ɗan jirgi na katako, baƙi, dogo kamar tarwaɗa. Shekara tara Baba yana goge shi, a zatonsa kayan wasan jikoki ne. Rannan ya suɓuce masa, sai tsohon ya yi ihu. Da ya huce ya ba shi labari. Siffar jirgin yaƙin Jamus ce, irin mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Aikinsa ya laɓaɓo bakin tashar jiragen Amurka, ya zuba nakiyoyi a ruwa, ya sulale. Ya yi wannan aikin, daga baya jirgin sama ya gano shi ya nutsar da shi a tekun jihar nan. Uban Gregory yana ciki, mai kula da inji ne, kuma har yau yana ciki. A lokacin Gregory na da wata uku a duniya. Uwarsa ta auri sojan Amurka bayan yaƙi, ta kawo shi nan, ta ce masa in an tambaye shi ya ce zazzaɓi ne ya kashe ubansa.

Baba ya ce, "To wa ya zo muku gaisuwa?"

Tsohon bai ma gane tambayar ba.

Bayan Juma'a Baba ya tsaya a ƙofar masallaci yana tare mutane. Malam Ma'aruf ya ce, "Alassane, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ba Musulmi ba ne, kuma zuwa ya yi ya dasa wa mutane bam."

"Malam, na ce a yi masa salla? Kifi sun riga mu. Ɗan zan gaisar."

"Shekara tamanin fa!"

"Ni Talata na ji. Bon, to, a garinku in mutum ya ji mutuwa a makare, gida yake zama?"

Ƙarshe ma Malam ne ya ja ayari.

Ranar Asabar da hantsi mota biyar muka yi fakin a layin da ko karnuka ba sa haushi da ƙarfi. Mutum goma sha bakwai. Muka tuɓe takalma a ƙofa, har wata maƙwabciya ta tsallako tana tambaya ko sayar da takalman ake yi. Maza suka ture kujerun falo, aka shimfiɗa tabarmi. Mista Gregory ya ce shi ma ƙasa zai zauna, mutum uku suka saukar da shi, ba wanda ya yi tunanin yadda za a tayar da shi.

Aka fara ɗaya bayan ɗaya. "Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana." Ni aka sa fassara, wai ni ce na gama sakandare kwanan nan. Anti Rahina ta tambaya ko marigayin ya yi jinya. Na ce, "Anti, bam aka jefa masa." Ta ce, "Allah sarki, farat ɗaya ke nan." Wannan ban fassara ba.

A kan mutum na shida tsohon ya fashe da kuka, jirgin katakon a cinyarsa.

Ana haka Dalila ta turo ƙofa, ta tsallake takalma. Ta dubi tabarmi, ta dubi kular tuwo a kan fiyano, ta dubi ubanta a ƙasa da miyar kuka a haɓa. Na ga Baba Alassane ya cire hularsa, abin da Anti ta ce ba ta taɓa gani ba. Dalila ta ce masa ya ajiye makullin gidan a tebur.

Ya sa hannu a aljihu. Sai tsohon ya ɗaga kai.

"Dalila, cire takalminki. Gaisuwar kakanki ake yi."

"Wane kaka? Wanda zazzaɓi..."

"Ba zazzaɓi ba ne. Zauna."

Ta dubi jirgin katakon da ke cinyarsa. Sannan ta cire. Anti Rahina ta matsa mata wuri, ta kama hannunta ta ce, "Ya haƙuri?" Na fassara. Makulli bai bar aljihun Baba ba, sai dai mutum huɗu aka yi kafin a tayar da Mista Gregory.

Baba ya ci gaba da aikin har tsohon ya rasu bara, ya kuma kwashe mu muka koma, wannan karon da izini. Jirgin katakon yanzu yana kan talabijin ɗinsa, matarsa tana rataya carbi a jiki.

A hanyar dawowa daga wannan gaisuwar ta biyu ya juyo daga gaban mota ya ce da ni, "Rumasa'u, ke ce mai rubuta abubuwa. Rubuta lambar Dalila ki ajiye. Ranar da na mutu ki kira ta. In ta makara ba komai, ko shekara nawa ne ta zo. Amma ki gaya mata kada ta kawo min fure. Ta zo da abinci, kuma ta cire takalmi."