Mutumin da Ke Ajiye Muryoyi a Kwalin Ashana

Mai Rediyo ya rufe shagonsa ranar Asabar da ta wuce, bayan shekara arba'in da ɗaya yana buɗe shi. Idonsa ne ya gaza. Ba a yi taro ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi. Shi ya sa aka rubuta wannan.

Shagon taku uku ne, tsakanin tela da mai sayar da fenti. Ƙarfe bakwai yake zuwa. Ya share ƙasa, ya fito da benci, ya jona ƙarfen narka dalma, ya goge tabarau da gefen riga. Ba ya doguwar gaisuwa. In ka kawo masa gyara, cewa yake, "Faɗa mini abin da ka yi masa, ba abin da ya yi maka ba."

Sunan ya bi shi tun zamanin rediyo. Rediyo ta ja baya, ya koma kaset. Kaset ya mutu, ya koma faifai. Ya haura sittin aka kawo masa wata 'yar kwamfuta, allo ɗaya tsirara, ba gida ba murfi, ba ta cika tafin hannu ba. Sa'o'insa sun yi masa dariya. Ya ƙona biyu kafin ta uku ta yi masa biyayya.

Aikinta ba wuya. A sa mata katin memori, a jona ta da talabijin, ta nuna abin da ke cikin katin. Masu ƙuruciya fina-finai suke cika ta da su. Shi wani abu ya hango. Kusan kowane gida akwai tsohon kaset ɗin bidiyo a ƙasan akwati, da muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya, ga shi babu injin da zai kunna shi.

Ya mai da wannan aikinsa. In yana kwafar kaset zuwa kati, sai ya yafa tsumma a kan talabijin, ya bar ɗan lungu kawai da zai ga ko hoto na tafiya. Tela ya taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Cikin gidan mutane ne. Ba a ce in shiga ba." Allon kuma a robar sabulu yake saka shi, ya huda gefe don iska, ya sa madanni ɗaya tak. Ba ya haɗawa sai ya ga hannun wanda zai riƙa dannawa. Kowane kati biyu yake yi. Ɗaya ya ba ka, ɗaya ya sa a kwalin ashana ya jefa a durowa. Yana faɗa wa kowa haka. Mafi yawa ba sa saurara.

Mu da ke zama a bencinsa mun ga abin da ya yi wa tsohon direban babbar mota da ke ƙarshen layi. Mutum ne mai taurin kai, bai taɓa roƙon kowa komai ba. Ciwon mantuwa ya kama matarsa. Ta manta ƙofar ɗakinta, ta manta mijin da ta zauna da shi shekara hamsin. Abu ɗaya ne ba ta manta ba. Kullum la'asar sai ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran 'yar autarsu ta dawo makaranta, alhali yarinyar ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ta yi ta jira har ta fashe da kuka.

Direba ya zo da kaset ɗaya a aljihu, duk ya yi fumfuna. Minti goma sha tara ne a cikinsa. Kwana huɗu Mai Rediyo ya yi yana goge zaren da auduga, taki-taki. Sau ɗaya kaset ɗin ya yarda ya juya har ƙarshe. Ana gama kwafa ya tsinke.

Mai Rediyo ya je gidan da kansa. Ya ga hannun tsohuwar yana rawa, ya yi mata madanni mai faɗin murfin kwalba. Ta danna. Sai ga yarinyar a tsakar gida tana shanya, tana dariya, tana cewa, "Inna, ki daina ɓuya, ki fito a gan ki." Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta ce, "Ina zuwa, mara kunya." Daga ranar ba ta ƙara tsayawa a ƙofa ba.

Kafin ya fita ya ja Direba gefe. "Kada ka zare fulogi injin yana aiki. Ka danna ka riƙe, fitilar ta mutu, sannan ka zare. In ba haka ba katin zai lalace."

"Shekara talatin ina kashe injin da ya fi ɗakin nan girma," in ji Direba. "Kai ne za ka koya mini kashe robar sabulu?"

To, direban babbar mota ba ya barin mota bai cire kan batir ba. Da wannan ɗabi'a ya dawo gida. Ko ina za shi, sai ya bi bango ya zare duk abin da ke jone. Wata biyar abin yana jurewa. Wata la'asar tsohuwar ta danna, talabijin ya yi baƙi, sai wasu ƙananan rubutu farare. Ta sake dannawa. Ta yi ta dannawa har yatsanta ya yi ja, sannan ta miƙe ta nufi ƙofa.

Direba ya iso shago ba hula. Bai zauna ba.

"Me ka yi wa injin?" in ji Mai Rediyo.

Direba ya ce, "Na zare."

"Sau nawa?"

"Kullum." Ya kalli bango. "Kaset ɗin ya tsinke, na sani. Na kashe yarinyar nan karo na biyu."

Mai Rediyo ya jawo durowa. Kwalayen ashana sun fi ɗari, jere, kowanne da rubutu da jan biro. Ya kai ɗaya kusa da hancinsa ya karanta, ya mayar, ya ɗauki wani. A jikinsa an rubuta: mai shanya. Ya kwafe sabon kati, ya mayar da kwalin, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifar masa jika. A gidan ya ƙara wa allon ɗan batir, yadda ko wuta ta ɗauke zai kashe kansa a hankali. Ya ce, "Zare yadda kake so, kurman tsoho. Na gaji da kai."

Kai ne ka yi wannan, Mai Rediyo. Kai ne ka gane cewa tsohon kai ba ya gyaruwa, sai ka gyara injin ya dace da kan. Idon da ya rage maka ka ƙarar da shi a kan wayoyi masu sirantar gashi, don wata tsohuwa da ba ta taɓa gane fuskarka ba. Shekara biyu ta ƙara a duniya tana hira da 'yarta kowace la'asar. Likita bai ba ta wannan ba. Kai ka ba ta.

Mun gode. Ba mu iya daɗin baki ba, iyakarta ke nan. Ku kuma masu gyara na yanzu, da kuke cewa a jefar a sayi sabo tun ba ku kwance murfi ba, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da baki. Ku koyi duba hannun mai kaya kafin ku duba kayan. Ku koyi ajiye na biyu.

Tsohuwar ta rasu wata biyu da suka wuce. Tun daga nan Direba bai ƙara zama a ɗakin talabijin ba. Dalili kuwa, a minti na goma sha bakwai matar takan fito daga bayan labule, da ƙarfinta da hankalinta, tana rufe fuska da hannu tana dariya. A da mamaci ɗaya ne a cikin katin. Yanzu biyu ne.

Makon ƙarshe Mai Rediyo ya yi ta bin gidaje da sanda, yana mayar wa kowa kwalin ashanarsa. Ranar Asabar saura ɗaya a durowa, na mai shanya. Yana naɗe wayar ƙarfen dalma sai ga Direba, da robar sabulu a hannu. Ya dire ta a kan teburi.

"Goge katin. Har da na durowar. Ka ba wani injin ya yi kallo."

"Zauna mana, ɗan'uwa."

"Ban zo zama ba. Ba na iya ganinsu, ba na kuma iya wucewa ta ɗakin in san suna ciki. Matata ce, 'yata ce. Ina da iko."

"Kana da iko," in ji Mai Rediyo. "Injin zan riƙe maka har ranar da za ka nema."

"Ba zan nema ba."

"Haka ka ce ba za ka zare ba."

"Ban taɓa cewa haka ba."

"To, ko alkawarin ma ba ka yi ba."

Tela ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Direba ya dafa teburin da hannu biyu. Muryarsa ta sauka ƙasa, yadda ba mu taɓa jin ta ba.

"Ina roƙonka."

Mai Rediyo ya lalubi durowa, ya ɗauko kwalin, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya ɓalla maɓalli a kai.

"A'a," ya ce. "Ba zan goge ba."