Ranar da Na Wanke Muryar Kawu

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar da na wanke muryar Kawu har mahaifiyarsa ta kasa gane shi ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Gubaira, a birnin Riyadh. Na samu wata manhajar gyaran murya a tsohuwar kwamfutar yayana, ina jin duk Riyadh babu injiniya kamata. Kawu direba ne. Za a yi bikin 'yarsa ta fari a Kano, maigidansa kuma ya hana shi hutu. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya aika da nasiha da sa albarka, a kunna wa amarya a wajen walima.

Na kashe na'urar sanyi saboda ƙararta, na lulluɓe Kawu da bargo da tsakar rana, na miƙa masa makirfo. Da ya gama magana, ya fito daga bargon kamar an tsamo shi daga rijiya.

"Kai ɗan nan, kashe ni za ka yi? Yalla gyara, ka sa min amon nan irin na manyan limamai."

Na kuwa gyara. Na cire tarinsa, na yanke "kin gane ko" ɗin da yake liƙa wa kowace magana, na share inda muryarsa ta yi rawa, na zuba amsa-kuwwa har kwamfutar ta fara nishi. Kawu ya saurara, ya shafa gemu: "Masha Allah, ashe haka nake!"

Muka tura. Ba a jima ba sai ga kiran Kaka, mahaifiyar Kawu, daga Kano.

"Wane ƙato ne wannan yake magana cikin randa? Yarinya tana can tana kuka, ta ce ba babanta ba ne. Ko wani abu ya same shi kuke ɓoye min?"

Kawu ya ce, "Inna, wallahi ni ne!"

"To ina tarin naka?"

Allah ya taimake ni ban goge na asalin ba. Na tura shi yadda yake: ga tari, ga rawar murya inda ya kira sunanta, ga "ɗan nan, zafi!" a ƙarshe. Aka ce wajen walima ya kece da dariya, amarya tana share hawaye tana cewa a maimaita.

Tun ranar na gane gyaran murya yana da iyaka. Ka share ƙarar ɗaki son ranka, amma ka bar wa mutum tarinsa, don da shi 'yan gidansu suke gane shi.