Garuruwan Masar da suka riƙa shigo mini cikin salla

Shekarun baya, lokacin da nake ɗaukar kaya a babur tsakanin Mai'adua da Kongolam, ina da aboki mai faci, Kirista. Wata rana yana gyara mini taya, na ba shi labarin tafsirin da na ji a kan Annabi Yusuf. Na ce abin da ya dame ni, ba a faɗi garin da ya zauna ba, Masar kawai aka ce.

Ya ce, "Mutumina, ai a littafinmu akwai garuruwan Masar da sunayensu. On, Nof, Zowan, Fitom. Matar Yusufun ma 'yar On ce."

Sunayen suka yi mini daɗi. Ina tafe a babur ina maimaita su, ina tunanin ko suna da ganuwa da kasuwar dabbobi irin tamu.

Matsalar ita ce sun bi ni har masallaci. Da na kabbara, sai Zowan ta faɗo mini a rai. Ni kuwa mutum ne da ke sake alwala don ƙaramin kokwanto. Na dinga sake salla, har mahaifiyata ta ce, "Kai, wannan azahar ta nawa ce?" Tsoro ya kama ni, ko na taɓa imanina. Na daina bi ta gaban shagon abokina. Ko taya ta sace, gara in tura babur in wuce.

Da abin ya ishe ni, na je wurin wani malami a Daura wanda ya yi karatu a Masar. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin na ɗauko abin da ya fi ƙarfina." Na lissafa masa sunayen murya ƙasa-ƙasa, na gaya masa yadda suke sa ni sake salla.

Ya yi dariya. "On? Ai yanzu unguwa ce a Alƙahira, Ainu Shamsi. Nan muke zuwa cin wake da burodi. Sunan gari ne, ɗana, ba aƙida ba. Daina sake sallarka."

Washegari na tsaya a shagon. Abokina ya ce, "Na ɗauka ka samu wani mai facin." Na ce masa On tana nan, har motar haya na zuwa. Ya ajiye guduma, shi ma bai sani ba.

Har yau ina da wasiwasi, ban warke ba. Amma na gane tambaya ba ta cin imani. Abin da na kusa yin asararsa shi ne mutumin da ya amsa mini ita.