Yadda Na Je Doha Na Duba Gindin Bindiga

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da ɗan ƙanwata da ya kai ni Kano a motarsa. A Kwanar Dangora muka tsaya ya sayi ƙosai, ni kuwa ban ci ba, don ba na cin abin mai in zan hau jirgi. Na taɓa zuwa Makka, saboda haka jirgi ba baƙona ba ne. Kayana jaka biyu: ɗaya tufafi, ɗaya kuka da daddawa da yaji da kilishi. Ma'aikaciyar filin jirgi da ta buɗe ta biyun ta kawar da kai ta ce, "Hajiya, ba su da abinci ne a can?" Na ce mata suna da abinci, miya ce ba su da ita.

A Alƙahira muka sauka muka yi zaman jira na wajen awa bakwai, tare da wasu mata 'yan kasuwa masu zuwa Dubai. Su suka nuna min wurin alwala da ƙofar da zan bi. Allah ya saka musu.

Wanda na je gani ɗana ne na fari. Ba na kama sunansa, Babba nake ce masa. Ya kusa hamsin, shekararsa tara yana tuƙa wani Balarabe, wanda suke ce wa kafil, wato ubangidan da takardun zamanka suke hannunsa. Kafil ɗin ne ya yi min takardar ziyara ta wata guda, tun watanni biyu kafin tafiyar.

Da na fito daga jirgi, zafin Doha ya buge ni kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata. Ga Babba a tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe yadda aka saba, amma da wutsiyar ido na ga wuyansa ya yi tsawo. Kuma a tasi ya zo. Direban gida, a ce ya zo ɗaukar uwarsa a motar haya? Na riƙe wannan a raina.

Gari dai gini ake ta ko'ina. Duk inda kika ɗaga kai ƙarfe ne a sama yana ɗaukar kaya. Titi sumul, shataletale bayan shataletale, har kaina ya fara juyawa. Babu ɗan acaba, babu akuya, babu mai tafiya a ƙasa sai leburori 'yan Indiya da suka naɗe fuska da tsumma. Motocinsu kuwa kusan duk farare ne manya, ban san yadda mutum yake gane tasa ba.

Gidan yana unguwar Mesaimeer. Aka ba ni ɗaki kusa da na masu aiki, da na'urar sanyi da ta hana ni barci sai da na sa aka kashe. Abincinsu shinkafa ce da naman rago, an zuba mata busasshen lemon tsami, suna ce mata macbus. Tana da daɗi, amma ba yaji, sai da na barbaɗa nawa. Shayi mai madara da suke ce wa karak riyal ɗaya ne, kuɗinmu sama da naira talatin. Goro kuwa, da na ji abin da yaranmu suke biyan ƙwaya ɗaya, na yi da-na-sanin ban cika jaka ta uku ba.

Kwana uku Babba yana zaune a bakin ƙofa, wani ne yake fita da motar. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, ya yi loma huɗu ya tsame hannu. Da na tambaya ya ce zafi ne. To, akwai maigadin gidan, mutumin zangon Kumasi ne, irin masu Hausar nan da ke ce wa mace "kai". Shi na tsare da la'asar. Ya duba hagu ya duba dama ya ce, "Mma, ɗanka yana cikin wahala."

Ga yadda abin yake. Kafil ɗin yana tara tarkacen tsofaffin bindigogin soja, yana jerawa a bangon ɗakin baƙinsa don ado. A kwamfuta yake ganin hotonsu, ya biya, a aiko masa daga ƙasar Turawa. Ya sayi wata tagulla da ake liƙawa a gindin bindiga, wai ta yaƙin Bama ce, da tsada sosai. Babba ne ya karɓo ƙunshin daga gidan waya. Sai wani abokin kafil ya gani ya ce jabu ce. Kafil ya ce mai sayarwar ba ya ƙarya, har takardar shaida ya haɗo, saboda haka a hanya aka musanya. A gaban maigadi da mai dafa abinci ya kira Babba ɓarawo, ya karɓe makullin mota, ya ce ƙarshen wata zai soke takardunsa. Wato jirgin da zai maido ni, shi zai maido shi, da wannan suna a kansa, ga 'ya'ya shida a gida.

Na ce, "Gindin wace irin bindiga?"

Ya ce, "Ni ina na sani, Mma? Doguwa dai, mai itace."

To, ku da kuka san ni kun san a bariki aka haife ni. Babana ya yi yaƙin Bama, ya dawo da igiya biyu a hannu. Duk ranar Asabar sojoji sukan zauna a gindin dalbejiya gaban gadirum, wato ɗakin masu gadin bariki, su share bindigoginsu, irin wadda ake ce wa maka-fo. Mu yara ba a barinmu mu taɓa baki ko kunama, gindin kawai ake miƙo mana, mu goge tagullar da toka da lemon tsami. Wanda tasa ta fi ƙyalli a ba shi alewa. Shekara wajen biyar ina wannan, kuma ba a cika cin alewar nan a bayana ba.

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na yafa mayafi, na ce wa Babba ya kai ni in gaida maigidansa. Ya ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan." Na ce wace magana? Gaisuwa zan yi.

Ɗakin baƙin ya kai girman masallacin unguwarmu. Kafil ɗin dattijo ne mai furfura a gemu, ya karɓe ni da mutunci, aka kawo dabino da gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ni dai idona yana bango. Ga majanyin rataya bindiga, ga kuben banati, wuƙar nan ta bakin bindiga, ga tagullar gindi guda biyu. Ina ganin ta hagu na ji kamar na ga 'yar garinmu. Na ce wa Babba ya gaya masa ina so in ga wadda ake rigima a kanta. Ya yi wata gajeriyar magana da Larabci, kafil ya yi murmushi ya ƙara min dabino. Nan na gane ba abin da na faɗa ya faɗa ba. Na leƙa ƙofa na yafito maigadi, na ce, "Zo ka yi min tafinta, wannan ya manta Larabci."

Aka kawo ta a cikin akwati mai auduga. Na ce a sauko min da ta hagun nan ma. Na ɗora su a cinyata.

Ita tagullar gindin maka-fo tana da 'yar ƙofa a tsakiya. A ramin da ke bayanta soja yake ajiye ɗan tandun man bindiga, shi ma na tagulla, da tsinke a jikin murfinsa. Matan bariki da shi suke zuba kwalli. Nawa babana ne ya ba uwata, ita ta bar min, kuma ko ina zan je yana cikin jakata. Na ciro shi. Na buɗe ƙofar ta hagu, ta yi ƙas, na zura tandun ya wuce sumul. Na buɗe ta akwatin, ƙofar ta yi laƙwas, tandun ya tsaya a baki ya ƙi shiga. Kafil ya ajiye kofinsa ya matso.

Ya ce ta bakin maigadi ai ya san wannan jabu ce, tambayar ita ce ina ta gaskiyar da aka aiko masa. Na ce a nuna min hoton da ya gani ya saya.

Aka kawo kwamfuta aka ɗora a kan tebur. Ban taɓa kallon cikinta kusa haka ba. Na ce a ƙara girman hoton, aka ƙara, na ce a ƙara. Na sa tabarau na duba sosai, sannan na ce wa maigadi, "Faɗa masa daidai yadda na faɗa, kada ka rage gishiri."

Na ce soja a fareti, in aka ce ya tsaya da sauƙi, bindigar tana gefen ƙafarsa ta dama, yana tura ta gaba. Saboda haka bakin tagullar na gaba kaɗai ne yake cin ƙasa. Dubi taka ta bango, bakin gaba ya siɗe, ɗayan yana nan da kaurinsa. Ta hoton nan kuwa ko'ina ta cinye daidai wa daida, kamar an goge ƙwarya. Na biyu, wurin da hannu yake gogewa shi ne yake haske, datti ya maƙale a lungu. Wannan tudunta baƙi ne, ramin kusoshinta fes. Na uku, ga tambari nan. Ni ban san abin da aka rubuta ba, ban yi boko ba. Amma tagullar da aka shekara ana gogewa da toka, rubutunta yakan dushe. Wannan kuwa kamar jiya aka buga shi. Na ce tagullar da ke cikin hoton nan ba ta taɓa zuwa Bama ba, ko Kaduna ba ta je ba. Abin da ka gani shi aka aiko maka. Babu ta gaskiyar da wani zai sata.

Ya ɗauki ta akwatin ya kara a jikin hoton. Ya juya ta, ya sake karawa. Ya ɗauki ta bangon ya shafa bakin da ya siɗe da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Babba yana tsaye a bakin ƙofa. Can sai kafil ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin mota ya miƙa wa Babba, ya ce, "Khalas. Yalla." Maigadi ya ce wai magana ta ƙare, a kai ni in ga teku.

Ban tashi ba. A al'adarmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, kuma shekara kusan hamsin ban taɓa yi ba. Amma na ce, "A gaban wa ya kira shi ɓarawo?" Babba ya ce, "Inna!" Maigadi ya fassara. Ni kuwa na ɗauki dabino ina ci, don ba sauri nake ba.

Aka kira mai dafa abinci, ya zo da ludayi a hannu. Kafil ya miƙe tsaye ya yi magana mai ɗan tsawo, ya dafa kafaɗar Babba. Maigadi ya ce, "Ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa don Allah." Na ce to, yanzu a kai ni tekun.

Muna fita kafil ya sa aka tambaye ni ko zan sayar masa da tandun, in faɗi duk abin da nake so. Na ce a gaya masa kwalli ne a ciki, kuma ban gama amfani da shi ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da yamma muka je bakin ruwan da suke ce wa Kornish. Jiragen ruwa na katako a ɗaure, Larabawa da matansu suna yawo, wasu Turawa suna gudu ba mai korarsu. Babba ya sayo karak biyu. Muka zauna muna sha, sai ya ce, "Inna, akwai sauran miyar jiya?"

Sauran kwanakin na yi su lafiya. Na je kasuwa na sayi turare da dabino da mayafai uku, na koya wa mai dafa abinci kaɗa kuka, bai iya ba. Sau biyu kafil yana aiko a kira ni in duba masa hoto kafin ya saya. Ɗaya na ce ya saya. Ɗaya kuwa wani ƙarfe ne na cikin bindiga, na ce wannan ban san shi ba, gindi kawai aka ba mu gogewa.

Na sauka Kano ranar Talata da hantsi, la'asar ta yi min a Zariya. Abin da na koyo, da can ban ɗauki goge-gogen nan na gindin dalbejiya a bakin komai ba, wasan yara ne da neman alewa. Ashe duk abin da hannunki ya daɗe a kai ilimi ne, ko ba a ba ki takarda ba. Kuma na koyi cewa akwai ranar da kunyar ɗan fari ba ta da amfani.

Maƙwabta suka cika gida ana sannu da zuwa, ana rabon dabino. Matar Babba ta kawo min ruwa ta durƙusa. Ashe ya riga ya gaya mata a waya cewa mai yiwuwa tare za mu dawo, ita kaɗai ta sani. Waya da tsada, bai sake kiranta ba, wata guda tana riƙe da abin a ciki. Ta duba bayana, ta duba ƙofa, ta ce a hankali, "Inna, shi fa?"

Na ce, "Yana bakin aikinsa."